Dagadu Mai Kai Wa Budda Rana

Duk wanda ya ce ya san garinmu Lenawadi amma bai san Dagadu ba, ƙurar mota kawai ya sha ya wuce. Taubashina ne, ɗan yayar babana, saboda haka ba mai hana ni faɗin gaskiya a kansa, har da ɗan ƙari in ta kama. Dogo ne, siriri kamar karan dawar da aka manta a gona, ga kunnuwa fato-fato, waɗanda in iska ta taso sai matarsa ta riƙe masa ƙafa. Rana ta gasa shi, ta juya shi ta sake gasawa, har ya wuce baƙi ya shiga wani launi da ba a raɗa wa suna ba tukuna. Dada muke ce masa, wato yaya, don in ka kira sunansa gatsau sai ya koma kurma.

Sana'arsa riƙon madubi. Ita ya gada wurin ubansa, uban ma wurin nasa uban.

A dutsen bayan gari, inda masu zuhudu na zamanin da suka fafe dutse kamar ƙwarya, suka yi ɗakuna da gadajen dutse har da matasan kai na dutse, kogon da ke can ƙarshe shi ne na gidan su Dagadu. A ƙuryarsa, bayan ginshiƙai, Budda ne da aka sassaƙa da dutse, zaune ya tanƙwashe ƙafa, kansa na neman taɓa rufi. Rana ba ta taɓa shiga wurin da ƙafarta ba. Iyakarta wani falalen dutse a bakin gangare, gefe da ƙofa. Nan mai madubi yake tsayawa, ya tari ranar, ya wurga ta kan wani madubin da ke kafe a bakin ƙofa, daga nan hasken ya karya kwana, ya ratsa tsakanin ginshiƙai, ya sauka a fuska. Jagoran baƙi na ciki yana ihu, "Sama! Hagu kaɗan! Tsaya nan!" Dagadu na waje, bayansa ga kwari, idonsa ga walƙiya. Daga inda yake tsaye ko ɗan yatsan Budda ba a hangowa.

Ba a shiga da wuta, don hayaƙi na ɓata zanen rufi. Tocilar maigadi kuwa haskenta kamar na fitilar da mai ya ƙare mata; da ita Dagadu ya taɓa hango wani abu can sama mai kama da tulu a kife. Amma abin da baƙi ke gani da hasken rana, abin da ke sa su shiga suna surutu kamar 'yan kasuwa su fito tsit, wasu na goge ido da gefen riga, wannan bai taɓa gani ba.

Yana yaro ya sami dama, ya watsar. Matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Jemage ɗaya ya taɓa shafar kansa a bakin kogon, ya kwasa a guje, sai a garin gaba aka tsinto shi. Uban ya yi lallashi ya gaji, ya bar shi ya koyi aikin daga waje. Kafin tsoron ya sake shi, zazzaɓi ya ɗauke uban, madubi ya dawo hannunsa.

Za ka ce, to ya ba wani riƙo mana, ya shiga ya leƙa. Ba ka san masu madubin Lenawadi ba. Kowane kogo da gidansa, kuma hasken wani ba ya shiga kogonka. Ran da ka kira wani da bakinka ya haska maka fuskar Buddanka, ran nan ka sallama, kogo ya zama nasa da 'ya'yansa. An fasa kai a kan wannan magana ba sau ɗaya ba. Dagadu kuwa ba ƙane, ba ɗa, sai 'ya ɗaya da ta yi aure a birni mai nisa.

Wanda ya fi kowa sanin wannan ciwon shi ne Kondiba, mai madubin kogon da ke kusa, inda aka sassaƙa giwaye, gajeren mutum mai tumbi, wanda bakinsa ba ya hutu. A rumfar mai shayi yakan jira sai mutane sun cika.

"Dada, wani baƙo ya tambaye ni yadda fuskar Buddanka take, na ce ai ga masani."

"Ni da nake tashinsa daga barci kullum safiya?"

"Shi ya sa. Hancin dogo ne ko gajere?"

"Ya dai fi naka, mai kama da albasar da saniya ta taka."

"Dada, ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

Sai Dagadu ya hura shayinsa, ya kurɓa, ya ce, "Dutse ne, Kondiba. Ya fi shekara dubu a zaune. Ina za shi? Ran da na ga dama na gan shi."

Haka aka tafi har furfura ta cika masa kai.

Matarsa Tanubai ce ta fara lura. Mace ce ƙarama, amma muryarta in ta ɗaga sai birai su sauko daga bishiya su koma wani daji. Ba ta taɓa furta sunansa ba tun ranar aurensu. "Kai mai gidan nan" take ce masa, ko da faɗa suke. Ta ga yana miƙa hannu ga gurasar dawa ya dumbuza cikin barkono. Ta ga yana tsiyaya ruwa gefen kofi. Wata safiya ya durƙusa ya gai da ɓaunar da mai gari ke kiwo da cikakken ladabi, har yana tambayarta lafiyar iyali. Gari ya yi dariya har da masu faɗuwa ƙasa, ni ma ban bari an fi ni ba. Tanubai ba ta yi ba.

Da suka koma gida ta zaunar da shi a tsakar gida, ta durƙusa gabansa.

"Dube ni."

"Ina dubanki. Me aka ƙara miki?"

"Kunnena kake duba. Tun bara kunnena kake duba in kana yi mini magana. Na ɗauka sabon salon raini ne."

Can ya ce, "In na dubi fuskarki sai ta ɓace, Tanu. Wani baƙin abu yake zama a wurin, kamar an ɗiga kwalta. Gefe-gefe nake ganinki."

"Tun yaushe?"

"Da kamar ƙwayar gero yake. Yanzu ya kai ƙwai."

Ta kai shi birni wurin likitan ido, suna cikin mota yana mita wai ana ɓata masa ranar aiki. Likita ya haska, ya leƙa, ya tambayi sana'arsa, da ya ji sai ya ajiye abin leƙen. Ya ce ba yana ba ce, balle a kankare. Walƙiyar rana ce ta ci can cikin idon, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Baƙin zai yi ta faɗi. Ɗan ganin da ya rage, in akwai abin da yake son yi da shi, ya yi da wuri.

A hanyar dawowa, dutsen garinmu ya bayyana daga nesa. Ya karkata kai yana kallonsa ta wutsiyar ido, kamar kaza.

"Ban gan shi ba, Tanu."

"Wa?"

"Shi. Kowa ya gan shi. 'Yan makaranta masu majina sun gan shi. Mutanen da suka haye teku sun gan shi. Ni ne na nuna musu."

Labari ba ya ɓuya a Lenawadi. Washegari Kondiba ya same shi a kan falalen, ba dariya a fuskarsa, abin da bai saba ba.

"Dada, kawo in riƙe maka. Ka shiga ka fito, ba wanda zai ji."

"Ka ga gawa, ka fara shawagi?"

"Na rantse da kan 'ya'yana, ba kogonka nake so ba."

"Kai ba ka so, 'ya'yan da ka rantse da su fa? Tafi ka haska wa giwayenka gindi."

Kwanakin ƙarshe ne na bazara, rana tar, baƙi na tururuwa. Aikin bai gagare shi ba, don hannunsa ya haddace. Kafin jagora ya buɗe baki haske ya sauka inda ake so. Tanubai ta ce ita za ta riƙe, ai ita ba baƙuwa ba ce, haskenta na gidansu ne. Ya ce mace ba ta taɓa riƙe madubi a dutsen nan ba. Ta ce namiji ma bai taɓa gai da ɓauna ba sai a kansa. Ya ce to, a bari baƙi su ragu, ba ya son 'yan kallo. Ya ce gobe. Ya sake cewa gobe.

Sai damina ta sauka.

Daminarmu in ta zo ba ta san wasa ba. Gajimare ya zauna a kan dutsen kamar ya biya haya, ruwa ya yi labule a bakin kowane kogo, kwari ya cika da rugugi. Rana ta yi ɓatan dabo. Dagadu ya zauna a ƙofar ɗaki da madubin a naɗe cikin tsohon bargo, yana ɗaga kai sama. Kowace safiya yakan miƙa hannu gabansa ya duba. Da farko tafin hannun ne ya ɓace, yatsu suna nan. Daga baya yatsun ma suka fara bi.

In rana ta ɗan leƙo ta tsagar gajimare, sai ya kwance bargo ya ɗora wa Tanubai madubin a tsakar gida. Madubi ne mai nauyi, ga katako a bayansa, faɗinsa ya kusa rufe ta. Ya zana da'ira da gawayi a bangon rumbu ya ce ta sa haske a ciki.

"Ba da hannu ake juyawa ba! Da ƙugu! Ki kafa shi a cinya."

"Ƙugun nan ya ɗauki tulu shekara nawa, sai yau za a koya masa aiki?"

"Ina hasken yake yanzu?"

"A kan akuyar maƙwabta."

"Akuya na ce ki haska?"

"Ita ta shigo, ni ban kira ta ba."

Duk unguwa ta sha haske a daminar nan. An haska wa tsohuwa tana wanka, an haska wa mai gari yana cin abinci har ya ƙware. Hannuwan Tanubai suka kumbura, amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne, da'irar da ya zana ɗin ma ya daina ganinta, wani lokaci bangon da ba shi da da'irar yake nunawa.

Sau da yawa sun hau dutsen. Sai gari ya waye da alamar rana, su kama matakala, ita ɗauke da madubi a ka, shi riƙe da gefen zanenta, ga santsin gansakuka. Kafin su kai falalen gajimare ya rufe. Su zauna a ɗakin wani mai zuhudu da ya mutu tun duniya na ɗanya, su ci gurasa da albasa, su saurari ruwa, su sauko. Wata rana a kan hanyar saukowa ya ce mata, "Da na bar Kondiba." Ta ce, "Da."

Ranar da gari ya washe da gaske, damina ta kusa ƙarewa. Sama ta yi fes kamar an wanke, dawa ta fitar da kai a gonaki. Suka hau. Kondiba na zaune a bakin kogonsa yana goge madubi, ya gan su, ya biyo su a baya.

"Wahini," ya ce da Tanubai, yadda ake kiran matar yaya, "ke ce sabon ma'aikacin? Ni dai ki rufa mini asiri kada ki ƙone mini gashin baki."

"Matsa, tumbinka ya tare rana."

Dagadu ya tsayar da ita a kan falalen, ya laluba da ƙafa ya nemo wasu ramuka biyu da dugadugan gidansu suka ci a dutsen, ya sa ƙafafunta a ciki. Sun yi mata yawa. Ya gyara mata madubin a cinya. Sannan ya juya wajen ƙofa ya tsaya, ya kasa gaba.

"Dada," in ji Kondiba, "wa zai yi mata kira daga ciki? Kai ba za ka gane inda hasken ya sauka ba."

"Ba ruwanka."

"Haskena ne aka hana, ba muryata ba. Ko akwai inda kakanka ya hana murya?"

Dagadu ya miƙa hannu, Kondiba ya kama, suka shiga.

Sanyi ya buge shi, ga warin jemagu, ga ɗigar ruwa a wani lungu. Yana tafe yana shafa ginshiƙai. A gaban ƙafafun Budda Kondiba ya tsayar da shi, ya ɗaga murya, "Wahini, sako!"

Haske ya faɗo cikin kogon kamar an sako ɗan maraƙi. Ya daki rufi, ya zabura kan ginshiƙi, ya fice, ya dawo. Jemagu suka tashi.

"Ƙasa! Ba rufin muka zo gani ba! Dama! Damarki, Wahini, wadda kike cin abinci da ita! Yawwa, ga gwiwa. Hau. Ga hannu. Ga ƙirji. A hankali, kamar kina tsiyaya mai. Hau kaɗan. Tsaya! Tsaya nan, ko numfashi kar ki yi!"

Kogon ya yi tsit. Kondiba, wanda ya sha ganin fuskar a bayan baƙi, shi ma ya haɗiye surutunsa.

Dagadu ya ɗaga kai.

Ya ga kogon ya cika da wani haske mai ruwan zuma. Ya ga shi a gefen dama, ya ga shi a gefen hagu, yana rawa kaɗan-kaɗan saboda rawar hannun Tanubai. A tsakiya, daidai inda fuskar take, baƙin nan ne zaune, ƙato, ya fi faifai. Ya karkata kai dama, baƙin ya bi shi. Ya karkata hagu. Ya juya gefe ɗungurungum yana satar kallo ta wutsiyar ido, ya kama wani abu mai lanƙwasa, ko kafaɗa ce ko kunne. Da ya ce bari ya tabbatar, ido ya juya, abin ya nutse. Ya matsa gaba. Ya ja da baya. Ya murje idon da bayan hannu har suka kawo ruwa.

"Dada, ka gani?"

Ya daɗe yana juya kai kamar mai neman sauro. Daga waje muryar Tanubai ta shigo, "Ya gani? Ku yi magana mana, hannuna zai cire!"

"Ce mata ta sauke," in ji Dagadu.

Da suka fito, ta dubi fuskarsa, ba ta tambaya ba. Ta jingine madubin, ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kai.

Dagadu ya matsa kan falalen. "Tashi. Ba ni wurina." Ya sa dugadugansa a ramukan, ya ɗauki madubin, ya juya fuska har ya ji zafin rana a goshi. "Ke ma ba ki taɓa ganinsa ba, ko?"

"Ina na ga lokaci? Ina gida ina dafa maka."

"Shiga. Ki duba da kyau, kar ki yi mini kallon kasuwa. Ki fara daga goshi."

Ya ɗan murɗa ƙugu sau ɗaya. Ba a yi kira ba, ba a yi gyara ba. Kondiba ya ce hasken ya tafi kai tsaye ya zauna a fuskar, ko motsi babu, kamar an manna shi.

Tanubai ta daɗe a ciki. Gumi na zuba daga haɓar Dagadu, bai motsa ba. Da ta fito, sai ta tsaya kusa da shi tana kallon kwari.

"To?"

"Goshin faɗi gare shi. Gashin a nannaɗe, ƙanana-ƙanana kamar dodon koɗi. Idon a lumshe, amma ba barci yake ba, ƙasa yake kallo, daidai inda mutum yake tsayawa. Kamar ya san abin da ya kawo ka, kuma ba zai faɗa wa kowa ba."

"Baki fa?"

"A rufe. Leɓen ƙasa ya ɗan gutsure." Ta goge hanci. "Kuma zanzaro ya yi gini a kunnensa na hagu."

"Zanzaro?"

"Ƙaton gida, har hawa biyu."

"A kunnensa? Duk jagororin nan da bakinsu kamar rediyo, ba wanda ya taɓa gaya mini?" Ya fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sunkuyar da madubin a hankali har hasken ya zube a ƙasa gaban ƙafarsa. Kondiba ya ce zai nemo gora ya kaɓe ginin. Dagadu ya ce a bar shi, tunda mai kunnen bai yi ƙara ba.

Ya naɗe madubin cikin bargo da kansa. Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Kondiba.

"Gobe ka zo da naka. Ka haska shi."

"Dada, ka san abin da kake faɗa?"

"Da bakina na kira ka, ga shaida. Sai dai ka rage ci, falalen nan bai saba da kaya ba."

Kondiba ya juya ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

Dagadu bai sake hawa dutsen ba. Kafin wata damina gefe-gefen ma ya rufe. Ya yi sauran shekarunsa a ƙofar gida, yana murza igiya, yana zagin duk wanda ya wuce bai gaishe shi ba, har da waɗanda suka gaishe shi. In rana ta yi tsaka ya gama cin gurasarsa, sai ya kira ta.

"Tanu, zo ki faɗa."

"Jiya ma na faɗa."

"Na yau daban."

Sai ta ajiye tsintsiya ta zauna a dokin ƙofa, ta fara daga goshi. Ita ma sau ɗayan nan ta gan shi. Da shekaru suka tura, na lura fuskar tana sauyawa a bakinta: yau ta ƙara masa tabo a kumatu, gobe ta ce girarsa ta hagu ta fi ta dama tsawo. In ya ce, "Bara ba haka kika ce ba," sai ta ce, "Ni na gani ko kai?" Sai ya ce ta ci gaba.

Ran da ya rasu, da rana tsaka ne, tana faɗa masa fuskar, ta kai haɓa ke nan. Ta ga igiyar ta zame daga hannunsa. Maƙwabta sun ce ba ta yi ihu ba tukuna. Sai da ta sauko wuya, ta bi kafaɗu da hannuwa har ƙafa, ta gama masa tsaf, sannan ta tashi ta kira mutane.